Yadda Kurege Ya Jinginar da Wutsiyarsa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To, ku matso kusa, ba na son a ce in maimaita.

Kurege ne dai. Kun san shi, ba sai na ɓata bakina ba: ɗan mitsitsin jiki, idanu tsilli-tsilli, ga wata wutsiya buzu-buzu da yake ji da ita kamar ransa. Da safe ya taje ta, da rana ya sha inuwarta, da yamma ya zagaya gari da ita don a gani a yaba. Gona kuwa yana da ita, amma shi da fartanya ba sa ga maciji.

Wata shekara ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka. Kurege ya leƙa rumbunsa, ko ƙwayar iri ɗaya babu. Sai ya nufi gidan Gafiya. Gafiya ita ce attajirar unguwar, rumbunanta tara, kuma tunda take ba ta taɓa ba wani ko ɓawo don Allah ba. Abu ɗaya ke cin ranta a duniya, wutsiyarta: siririya, tsirara, ko gashi ɗaya babu, kamar igiyar guga.

Kurege ya durƙusa ya ce, "Uwar ɗakina, irin gyaɗa nake nema. Ƙwarya bakwai, in kaka ta yi in biya."

Gafiya ta ce, "Me za ka ajiye?"

Ya ce, "Haba uwar ɗakina, ai bakina ya isa."

Ta ce, "Bakin naka ne zai cinye irin. Ajiye wutsiya."

Aka yi magana aka gama. In ranar kasuwar farko ta kaka ta wuce bai biya ba, Gafiya za ta sa aska ta yanke wutsiyar, ta ɗaura a kan tata. Ta auna masa ƙwarya bakwai, ta ɗauki gawayi ta ja zane bakwai a jikin rumbun da ke bayan ɗakinta.

Kurege ya saɓa buhu ya kama hanyar gona. Ya yi 'yar tafiya, sai ya ce, "Bari in ɗanɗana in ji ko irin nan na da rai." Ya fasa ɗaya ya tauna. Ya ce, "Ɗaya ba ta isa shaida ba." Ya fasa wata. Ya ce, "Wannan kamar da rai, kamar babu." Ya fasa wata. Yana fasawa yana tafiya, yana tafiya yana fasawa, kafin ya kai gona ƙwarya bakwai ta koma ɓawo. Don kada a ce bai yi shuka ba, sai ya bi kunya-kunya ya binne ɓawon.

Kaka ta yi, kowa na tonon gyaɗa, gonar Kurege sai ƙaya. Duk sanda ya gifta ta ƙofar Gafiya sai ya tarar tana wasa aska a dutse. Sai ta dubi wutsiyar ta yi murmushi. Ran nan ta ce, "Saura kwana uku."

Kurege ya ruga gindin tsamiya, inda maƙwabtansa ke shan iska: Baba Kunkuru mai sanyin zuciya, da Zabuwa mai surutu, da Gwaggo Bushiya. Ita Gwaggo Bushiya tsohuwa ce mai zargin tsiya. Ko sannu ka yi mata sai ta juya ta gaba da baya ta ga abin da ka ɓoye a ciki. Ni dai ban ga laifinta ba, zama da Kurege ne ya koya mata.

Yana gudu yana tunani. Ya ce a ransa, "In har mutane za su tara mini, don me za su tara bakwai kawai? In na ce goma sha biyu, Gafiya ta ɗauki bakwai, biyar ta zama tawa."

Ya faɗi a gabansu ya fashe da kuka. "Wayyo wutsiyata! Wayyo Allah, za a mai da ni guntu!"

Baba Kunkuru ya ce, "Subhanallahi! Yaro, me ya faru?"

Ya kwashe labari ya faɗa, sai dai a nasa labarin ɓeraye ne suka tone irin.

Gwaggo Bushiya ta leƙo da hanci ta ce, "Nawa ake bin ka?"

"Goma sha biyu, Gwaggo."

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Kukan da ka shigo da shi bai kai na sha biyu ba."

Baba Kunkuru ya ce, "Haba Bushiya. Maƙwabci ne. Ma zauna a yanke masa wutsiya muna kallo?"

Zabuwa ta ce, "A taimaka! A taimaka! A taimaka!"

Bushiya ta ce, "A taimaka, na yarda. Amma da sharaɗi. Ko ɓawo ba zai bi ta hannunsa ba. Mu za mu tara, mu za mu ɗauka, mu za mu kai wa Gafiya da ƙafarmu."

Kurege ya ce, "Gwaggo, ga tsufa ga nauyi, ai sai in ɗaukar muku."

"A'a."

"To in riƙe muku bakin buhu."

"A'a."

"To in riga ku zuwa in yi muku sallama."

"A'a. A gabana za ka tafi, hannuwanka a ka."

Suka watse neman abin taimako. Baba Kunkuru ya kankare gindin rumbunsa ya samo ƙwarya huɗu. Zabuwa ta kwana biyu tana kala a gonakin mutane, ta haɗa uku. Gwaggo Bushiya ta kwance tsumman da ta ƙulle irin baɗi, ta auno uku, tana aunawa tana tsaki. Aka haɗa, goma. Aka juya, aka sake aunawa, goma dai.

Baba Kunkuru ya ce, "Mu kai haka, mu roƙe ta ta yi haƙuri da biyun."

Ranar kasuwa suka ɗunguma. Kurege na gaba, hannu a ka. Yana ta addu'a Allah ya sa kowa ya yi shiru, Gafiya ta auni nata kawai. Ina! Suna yin sallama Baba Kunkuru ya gyara murya ya ce, "Baiwar Allah, cikin goma sha biyun da kike bin yaron nan mun kawo goma. Ki dubi zumunci."

Kunnen Gafiya ya motsa. Ta dubi buhu, ta dubi Kurege, ta dubi wutsiya. Sai ta yi wani murmushi wanda ya sa gashin wutsiyar ya miƙe.

Ta ce, "Sha biyu. I, sha biyu cif. Kun kawo goma, saura biyu, kuma yau ce rana. Ni ban san zumunci a kan bashi ba." Ta shiga ɗaki ta fito da aska.

To fa! Kun ga inda kwaɗayi ya kai shi. In ya ce bakwai ne, maƙwabta su gane ya yaudare su, su kwashe gyaɗarsu, a yanke wutsiya. In ya tsaya a kan sha biyu, biyu ba su cika ba, a yanke wutsiya. Hagu aska, dama aska. Kurege ya rungume wutsiyarsa a ƙirji.

Yana cikin haka sai ya hango Gwaggo Bushiya ta ƙura masa ido. Nan take dabara ta faɗo masa. Ya tuna tun yana ƙarami, in ya ce mata rana ta fito sai ta leƙa waje, in ya ce kada ta bi nan, nan ɗin za ta bi.

Sai ya saki wutsiya, ya daki ƙirji, ya ce, "Gaskiyar uwar ɗakina ce! Sha biyu ne! Na rantse sha biyu ne! Uwar ɗakina ba ta ƙarya, ba sai an duba zanen da ta yi a jikin rumbu ba." Ya juya ya ƙifta wa Gafiya ido, ƙiftawar da ko makaho zai gani.

Bushiya ta ce, "Wane zane?"

"Ba komai, Gwaggo. 'Yan zane-zane ne na gawayi a bayan ɗaki. Kada ki wahalar da kanki. Kada ma kowa ya duba."

Bushiya ta ce, "Tunda nake ban taɓa ganin mai bin bashi da wanda ake bi bakinsu ya zo ɗaya haka ba. Akwai wata a ƙasa. Gafiya, kai mu rumbun."

Gafiya ta daburce. Ta ce, "To, to, bari in shiga in kawar da shanya, gidan a hargitse yake." Ta yi wuf ta shige, ta ɗan jima, ta fito tana haki. "Bismillah, ku shigo ku ƙirga."

Suka shiga. Zabuwa ta ƙirga da baki, ɗaya, biyu, har goma sha biyu. Baba Kunkuru ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Shi ke nan, yaro, sai haƙuri."

Gwaggo Bushiya ta matsa jikin rumbu ta goga hancinta a zanen farko. Hanci fes. Zane ne tsoho, ruwan damina ya dake shi har ya koɗe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na bakwai, hanci fes. Ta goga a na takwas, hanci ya yi baƙi ƙirin.

Ta ce, "Gafiya, mu ga hannunki."

Gafiya ta ɓoye hannu a baya. Zabuwa ta zagaya ta leƙa, ta ɗaga murya, "Gawayi! Gawayi! Gawayi!"

Kurege ya zube ƙasa yana birgima. "Wayyo, ta cuce ni! Ashe bakwai ne! Ita ta ce mini sha biyu, ni kuwa ban iya ƙirga ba. Ni daga ɗaya sai da yawa!"

Gafiya ta ce, "Ƙarya yake! Daga bakinku na fara jin sha biyun nan!" Amma wa zai saurari mai gawayi a hannu? Baba Kunkuru, wanda ba a taɓa ganin fushinsa ba, ya ce ta ji kunya. Aka auna mata bakwai a gaban kowa, aka sa ta ɗebo ruwa ta wanke jikin rumbu tas, ta mai da aska kube tana hawayen baƙin ciki.

Suka fito. Kurege na gaba yana rangaji, wutsiya a sama, yana jin duk duniya babu mai wayonsa. Ido ɗaya kuwa na kan sauran gyaɗar da ke gindin buhu.

Da suka iso gindin tsamiya, Gwaggo Bushiya ta ce a sauke. Ta juya wa Kurege baya, ta ce wa Baba Kunkuru, "Goma muka kai, an auna bakwai, saura biyu. Ina ganin biyun nan mu bar wa bawan Allahn nan ya yi iri."

Kurege ya yi tsalle. "Uku, Gwaggo! Uku suka rage!"

Duk suka juyo suka zuba masa ido.

Baba Kunkuru ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Yaro, ba kai ne daga ɗaya sai da yawa ba?"

Kurege ya nemi ƙarya ko guda a cikinsa, duk sun gudu sun bar shi.

Bushiya ta ce, "Madalla. Tunda ka iya lissafi, riƙe wannan. Ukun nan kowa zai ɗauki ɗaya ya koma gida. Bakwai ɗin da muka biya da niyyar kyauta muka kawo, amma yanzu bashi ne, kuma jinginar tana nan yadda take."

Kurege ya ƙanƙame wutsiya. "Gwaggo, yanke ta za ku yi?"

"Mu yanke mu yi me da ita? A jikinka ta fi amfani. Tsintsiyata ta ƙare. Gobe da safe ka fara da ƙofata, jibi ta Kunkuru, gata ta Zabuwa. Ran da ka cika bakwai, ka ɗauki abarka."

Haka aka yi. Wutsiyar da ake tajewa da safe ta koma share kashin Zabuwa. Kuma har yau bai cika bakwai ɗin ba, don duk sanda ya tara ƙwarya ɗaya sai ya ce bari ya ɗanɗana. Shi ya sa in kun gan shi a bakin gona, wutsiya duk ƙura, zai ɗan ruga sai ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafa biyu yana waige-waige. Ba ku yake kallo ba. Dubawa yake ko Gwaggo Bushiya ta biyo shi.

Ƙurunƙus kan gafiya mai gawayi a hannu! Darasin kuwa shi ne: in ka rantse ba ka iya lissafi ba, to ranar rabo ka cika bakinka da ruwa har a gama. Wanda kuma yake riƙe da ƙwaryata cikinku, ya dawo da ita gobe, na ja zane.