Gaisuwar Sarkin Baka

An ce wai a wani zamani da ya shuɗe, a garin Tafkin Hasbiya, akwai wata fadama da ba a sayarwa, ba a kuma raba ta a gado. Duk kaka akan rataye ƙwarya a reshen tsamiyar bakin ruwa, magajin gidan da ke noman fadamar ya tsaya daga nesa ya harbe ta. In ya fasa ta, fadama ta zauna a gidansu. In ya kuskure, ta koma hannun na kusa a dangi.

Shekara da shekaru Jatau maharbi ne ke fasa ƙwaryar nan, har Allah ya karɓi abinsa a farkon wata damina. Ya bar matarsa Tabawa, wadda da fadamar take ci, da ɗansa Mantau masaƙi, wanda bai taɓa jan abin da ya fi zare tauri ba. Mantau irin mutanen nan ne da jikinsu ke nan, hankalinsu na wani gari. In ya zauna a masaƙa da hantsi, sai gyangyaɗi ya sace shi, ya ga mahaifinsa tsaye a kan ruwan tafki, ya ɗauki bakan gizo yana saiti da shi, hasbiyoyi na kewaya shi a hankali. In ya farka sai kewa ta cika masa zuciya, ya ɗauko ƙaton bakan tsohon ya yi ta kokawa da shi, har kafaɗarsa ta kumbura.

Baffansa Korau, wanda fadamar za ta faɗa wa in aka kuskure, shi ke ƙara zuga shi. Yakan ce, "Ɗana, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan Jatau guda, in ba da bakan Jatau ba, da me zai fito gaban jama'a?"

Tabawa kuwa ta gane dawar garin. Ta zaro wani ɗan bakan gora daga rufin ɗakinta, hayaƙi ya mai da shi baƙi wuluk, ta ce yaron nan ya koya da shi. Mantau ya ji kunya ya ƙi, Korau ya yi dariya har da riƙe ciki. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka kai ta gaban Sarkin Baka Shekarau, shugaban maharban garin.

Suka same shi a gindin tsamiyar, an ɗauke ruwan sama ke nan, tururi na tashi daga tafki, inuwar gajimare na tafiya a kansa. Tsoho ne da ido ya fara dushewa, kunne kuwa ko faɗuwar ganye ba ta wuce shi. Ya saurari kowa, sa'an nan ya ce, "Ni yanzu ba na ganin rawar hannu, amma ina jin rawar murya. Mantau, ɗauki babban bakan ka ja shi har kunne, ka riƙe, mu gaisa."

Mantau ya cije leɓe ya ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Ina kwana, ɗan Jatau?"

"La... lafi..." Tsarkiya ta ƙwace, kibiya ta faɗa cikin bado.

Korau ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, rashin sabo ne kawai."

Sarkin Baka ya ce, "To kai da ka saba, karɓi."

Korau ya ja, ya amsa ina kwana da kyar, da aka zo ina gajiya sai ya ce babu gajiya alhali gumi na zuba. Kafin a tambaye shi iyali ya sauke baka yana haki. 

Aka miƙa wa Mantau ɗan bakan gora. Ya ja, sai ya ji ya biyo hannunsa kamar zaren saƙa. Tsohon ya shiga gaisuwa, bai yi gaggawa ba. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da ruwa da kasuwar tufa, Mantau na amsawa murya a kwance. Can sai ya sassauta harshe ya ce, "Yaya haƙurin rashi?"

Hawaye suka zubo wa Mantau, ya ce, "Haƙuri mun gode Allah." Amma kan kibiyar bai ko motsa ba.

Sarkin Baka ya ce, "Sauke. Ku saurara, jama'a. Mai koyo ba ƙarfi yake nema ba, natsuwa yake nema, kuma ba a samun natsuwa a hannun da ke faɗa da abin da ya riƙe. Wanda ya fara da bakan da ya fi shi, kafaɗa zai rasa kafin ya sami saiti. Barewar da ka ambata, Korau, ita ma da rawar ƙafa ta fara tsayuwa. Bakan nan na gora, a gindin tsamiyar nan Jatau ya riƙe shi yana sabon shiga, mahaifina ya gaishe shi kamar yadda na gaishe ka. Na yanke, da shi za ka koya, da shi za ka fito. Babban kuwa a rataye shi, ba inda za shi."

Mantau ya daɗe yana shafa wurin da tafin mahaifinsa ya goge a jikin gorar.

Damina ta wuce yana koyo, yau ya samu gobe ya kuskure. Ranar harbi gari ya taru. Ya ja ɗan bakansa har kunne, ya tsaya, aka ga leɓensa na motsi. Na kusa da shi sun ce sun ji yana cewa, "Baba, ina kwana?" Ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sa'an nan ya saki. Ƙwarya ta tarwatse, hasbiyoyi suka tashi daga kan tsamiya, Tabawa ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Shi ya sa masu hankali suka ce, bakan da ya hana ka amsa gaisuwa bai zama naka ba tukuna, ko da gadonka ne.