Alƙalamin da Aka Goge Har Ya Daina Rubutu

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, wanda bayan ya ajiye aiki ya mai da gyaran alƙalami mai shan tawada abin ɗebe masa kewa. Ba ya karɓar ko sisi. Kayan aikinsa gilashin ƙara girma ne, da guntun samfefa mai laushi ta goge ƙarfe, da kofin ruwan da yake jiƙa waɗanda tawada ta bushe a cikinsu.

Wata rana wata gwauruwa mai suna Keziya ta kawo masa alƙalamin mijinta marigayi, wanda take rubuta wa 'yarta wasiƙa da shi. Ta ce, "Malam, faɗuwa ya yi, tun daga nan yake kartar takarda. Don Allah a lallaɓa shi. Cikin kayan maigidana shi kaɗai ya rage mini."

Mutumin ya duba. Bakin irin wannan alƙalami ƙarfe ne a tsage biyu, tawada tana bin tsagar ta sauka. Nan take ya ga gefe ɗaya ya karkace, ya ɗara ɗan'uwansa. Ya kuma san maganin sarai: a sa farcen babban yatsa a danna shi a hankali har ya koma daidai. Amma ƙarfen tsoho ne, yana iya karyewa. Sai ya ce a ransa, "In ya karye a hannuna, wa zai iya da bakin mutane? Ni na gaji." Ya ɗauki samfefa ya goge tsinin kaɗan. Kartar ta ragu, matar ta yi godiya ta tafi.

Bayan mako biyu ta dawo, ta ce har yanzu yana kama takarda. Ya sake gogewa. Ta dawo na uku, ya ƙara. Kullum ya ɗaga gilashi sai ya ga karkacewar tana nan yadda take, kullum kuma sai ya kau da ido.

A zuwa na huɗu, ya gama guga ya miƙa mata ta gwada. Alƙalami ya bi takarda sumul, babu ƙara, babu karta, babu kuma rubutu ko ɗigo. Ta girgiza shi, ta sake ja, takarda fara fat. Guga ta cinye tsinin, tawada ba ta kai wa takarda, abin da samfefa ta ci kuwa ba ya dawowa.

Da ya ga ba makawa, ya gaya mata gaskiya, cewa tun ranar farko ya ga bakin ya karkace. Keziya ta naɗe alƙalamin a bakin zanenta. Sa'an nan ta ce, "Malam, ai da ka faɗa mini. Ko da ya karye, da na san a wajen gyara ya karye."

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Alƙalamin shi ne mutumin da Allah ya sa a hannunka, ɗanka ne, ko abokinka, ko wanda kuke zama benci ɗaya a coci lokacin sujada. Karkacewar ita ce zunubin da ka gani da idonka. Samfefa kuwa daɗin bakinmu ne: "Ba komai," "A yi haƙuri," "Zai daina." Muna cewa ƙauna ce ta hana mu magana. Ƙarya muke yi, tsoro ne, da gajiya, da gudun kada a ce mu ne muka ɓata. Muna ta guga har zuciyar mutum ta yi santsi, Maganar Allah ta bi ta kanta ta wuce ba ta bar alama ba.

Ba daga sama nake muku magana ba, 'yan'uwa. Shekara talatin ke nan ina koyar da Maganar Allah a wannan aji, na kuwa gaji da ganin wannan abu, har a kaina. Akwai wani magidanci da yake zama a ajin nan. Na ga lokacin da ya fara kaucewa, na yi ta ce masa ba komai, don kada ya yi fushi ya daina zuwa. Yau shekara shida bai tako nan ba. In mun haɗu a kasuwa yakan gaishe ni da fara'a, in amsa da fara'a, kowa ya kama hanyarsa.