Ragon da Shamwilu Ya Ƙi Yankawa

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki a bakin wani babban kogi, wanda ya riƙe Bani Isra'ila a bauta, suna buga masa tubali, suna yi masa kiwo. Shugabansu wani tsoho ne mai suna Shamwilu. Kullum yakan zo fada ya faɗi, ya roƙi a bar jama'arsa su fita jeji su yi wa Allah hadaya, kamar yadda aka umarci kakanninsu. Kullum a kore shi.

Sai fara ta cinye gonaki, annoba ta faɗa wa shanu. Tsoro ya kama sarki, har ya fara tunanin sakinsu. Amma wazirinsa, Hatafu, yana kwaɗayin garkunansu. Ya san a addininsu ba a hadaya da dabba mai aibi, don haka ya sa dogarai suka bi garke garke suna tsaga kunnen kowace tunkiya da kowane rago. Bai tsaya nan ba. Mutanen ƙasar suna da wani farin rago da suke bauta wa, dokarsu kuwa ita ce duk wanda ya yanka shi za a hallaka shi da danginsa kaf. Waziri ya sa aka sato ragon, ya tsaga masa kunne da hannunsa, ya shafe shi da laka har ya saje da na bayi.

Da safe ya shawarci sarki cewa ba sai an je jeji ba. Su yi hadayarsu a ƙofar fada, su koma bakin aiki. Sarki ya yarda, ya ƙara da cewa in tsohon ya ƙi, a sare kansa.

Aka tara jama'a, aka jawo ragon, aka danƙa wa Shamwilu wuƙa. Hauni ya tsaya a bayansa da takobi tsirara. Shamwilu bai san ragon ba. Abin da ya gani kawai kunne ne a tsage, jini ya bushe a kai. Hannunsa na rawa har wuƙar tana bugun cinyarsa. Jama'arsa suka yi ta raɗa masa ya yanka, Allah ai Ya san halin da ake ciki. Matarsa Yukabid ta riƙe gefen rigarsa tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ce, “Malam, rago ne fa. Ka bar mu da wa?”

Tsohon ya sunkuya ya ajiye wuƙar a ƙasa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, da waziri zai kawo maka doki mai yankakken kunne ya ce kyauta ce, za ka karɓa?”

Sarki ya ce da a ranar zai bar waziranci.

Shamwilu ya ce, “To, wallahi ina tsoron takobin nan. Amma na fi tsoron Wanda za a miƙa wa ragon.”

Sarki ya ɗaga hannu, hauni ya gyara tsayuwa, mata suka rufe wa 'ya'yansu ido. Ana cikin haka babban bokan da ke kula da ragon bauta ya kutso, tun asuba yana nemansa. Ragon na jin muryarsa ya fizge igiya ya nufe shi. Boka ya goge lakar, ya ga kunnen, ya zube yana tambayar wa ya yi wannan aika-aika. Dogarin da aka aika satar ya tsorata, ya nuna waziri.

Jikin sarki ya yi sanyi. Ya dubi ragon da ya kasa kare kunnensa, ya dubi tsohon da Ubangijinsa Ya hana shi yanka ragon. Ya sa aka tuɓe wa Hatafu rawani, aka kai shi ramin tubali. Sannan ya ce Bani Isra'ila su kwashe garkunansu su tafi kafin rana ta faɗi, kada su waiwayo.

Suka isa jeji ba su da dabba ko ɗaya mai lafiyayyen kunne. Wasu suka ce a yi da abin da ake da shi, Shamwilu ya ce a jira. Suka jira har tumaki suka haihu, ɗan farko ya yi ƙwari. Ranar da aka kwantar da shi, tsohon ya shafa kunnuwansa biyu, ya ambaci sunan Allah, hannunsa kuwa bai yi rawa ba.