Motar Kashe Gobara da Ranar Kasuwa

A wani gari an yi wani mutum, shugaban 'yan kwana-kwana, wato ma'aikatan kashe gobara. Yana da jar mota guda ɗaya da ma'aikata goma sha biyu, ofishinsu kuwa yana jikin kasuwa. Ƙofa ɗaya ce tak motar take fita ta cikinta, ita ma bakin kasuwar take kallo.

Kwana shida a mako hanyar fayau take. Amma ran Alhamis, ranar da kasuwa take ci, tun da sassafe masu doya da masu tumatir da masu tukwane sukan baje kayansu har jikin ƙofar, gama ba su da wani wurin. Mutumin nan yakan tsaya ta taga yana kallonsu, yana cewa a ransa, "Ya Ubangiji, kada wuta ta tashi yau." Sau uku ya rubuta wa ƙaramar hukuma a kan ƙofar, ba a ba shi amsa ba. Dalili kuwa, kowace shekara ran Litinin mai bincike yake zuwa, ya ga mota ta fita cikin minti biyu, ya rubuta cewa kome lafiya. Wa zai kula da kukan mutumin da aka riga aka ce kome nasa lafiya?

Wata shekara, damina tana ƙarewa, sai ga takarda. An naɗa sabuwar mai bincike, Malama Tabita, wadda aka sani ba ta wasa da aiki. Takardar ta ce shugaba ya zaɓi rana da kansa, muddin kafin rani ya shigo. Ta kuma ce duk ofishin da motarsa ta wuce minti biyar ba ta fita ba, za a iya sauke shugabansa.

Mataimakinsa Filibus ya karanta, ya tafa hannu. "Oga, Allah ya yi mana gata. Litinin! A wanke mota, a goge takalma, a ba baƙuwa lemo mai sanyi, a raka ta."

Mutumin ya ce, "Alhamis fa?"

"Alhamis? Oga, zazzaɓi ne yake damunka? Saura shekara biyu ka huta da mutuncinka. Ran Alhamis ko akuya sai ta nemi izini kafin ta wuce ƙofar nan."

Kwana uku takardar tana aljihunsa. In ya ce Litinin, kujerarsa ta tsira, ƙofa kuma ta zauna yadda take har wata shekara, ga rani yana tafe, ga rumfunan kara suna bushewa. In ya ce Alhamis, zai sha kunya a gaban dukan gari, wataƙila ma a kore shi. Da safiyar rana ta huɗu ya durƙusa ya yi addu'a, ya tashi ya rubuta: Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da kasuwa ta fi cika.

Ranar ta zo. Malama Tabita, wata 'yar gajeriyar dattijuwa mai tabarau, ta bar motarta can nesa, ta ratso kasuwa da ƙafa. Ta duba tiyo, ta duba tsani, ta leƙa tankin ruwa. Sa'an nan ta kwance agogon hannunta ta ce, "A buga ƙararrawa."

Aka buga. Ma'aikata suka zura kaya, suka ɗare mota, aka wangale ƙofa, jiniya ta yi kuka. Motar ta yi gaba kamar taku biyar, ta tsaya cak a gaban tulin doya.

Mai doyar, wata tsohuwa da ake kira Inna Asabe, ta miƙe tana gyara zane. "Malam kwana-kwana, ina wutar take?"

"Babu wuta, Inna. Gwaji ne."

"Gwaji? A kan doyata? Ka bari gobe ka gwada, gobe ba na nan!"

Kasuwa ta fashe da dariya. Ma'aikata suka sauko da hulunansu na kwano, wannan ya rungumi doya, wancan ya kinkimi kwandon tumatir, Filibus yana tafe da randa a ka, mai tukwane tana binsa tana cewa in ya fasa sai ya aure ta. Kafin motar ta kai titi, an yi minti talatin da bakwai.

Mutumin ya zo gaban Malama Tabita, ya cire hularsa, ya miƙa mata makullan ofis. "Ranki ya daɗe, kin gani da idonki."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya zaɓi ranar nan?"

"Ni ne."

"Ba ka san ranar kasuwa ba ce?"

"Na sani. Shi ya sa."

Sai dattijuwar ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce, "Ofis tara na zagaya. Kowa ranar da gari ya yi shiru yake kirana, ya nuna mini takalma masu ƙyalli. Kai kaɗai ka nuna mini abin da aka aiko ni in gani. Mai da makullanka aljihu, ka zo mu zagaya baya."

Suka zagaya. A bayan katangar ofis akwai wata hanya da ba a kasa kaya a kanta, ta miƙe har babban titi. Ta dafa katangar ta ce, "Nan za a fasa. Yau zan sa hannu. Bayan mako uku zan dawo, kuma ran Alhamis."

Haka kuwa aka yi. Magina suka fasa katanga, suka kafa sabuwar ƙofa. Da ta dawo aka buga ƙararrawa, kasuwa tana cike maƙil, motar ta fita ta baya, ta hau titi cikin minti biyu. Matan kasuwa suka bar kayansu suka rugo kallo, suna guɗa. Filibus yana rawa yana cewa, "Ni dama tun farko Alhamis na ce!" Mutumin bai ƙaryata shi ba. Ya tsaya a bakin sabuwar ƙofa yana dariya, hawaye suna zubo masa, yana yi wa Allah godiya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ofishin nan zuciyarmu ce, mai binciken kuwa Ubangiji ne. Dukanmu muna da ranar da muke so ya zo ya duba mu, wato Lahadi da safe, mun yi wanka, mun sa tufafi masu kyau, muna raira waƙa. Amma kowa yana da ranar kasuwarsa, ranar da gajiya ta yi yawa, maƙwabci ya faɗi magana mai zafi, yara sun cika gida da ƙara. A ranar ce haƙuri yake so ya fita ya kashe wutar fushi, sai ya tarar hanya a toshe.

Muna ɓoye masa wannan rana domin muna tsammani zai kore mu. Amma Ubangiji ba ya bincike domin ya kori nasa, sai domin ya gyara su. Saboda haka kada ka jira sai ka natsu sa'an nan ka yi addu'a. A cikin makon nan, a daidai lokacin da ranka ya ɓaci kuma bakinka yake shirin buɗewa, ka tsaya ka ce, "Ya Ubangiji, zo ka duba ni yanzu." Zai zo, kuma da murna zai zo.