Shaton da Ya Ƙi Cika

Na Allah magini ne a wani ƙauye kusa da Korgom. Gwani ne, amma ba a gyara masa zance. Shi ya gina shaton garin, wato babban tankin ruwa bisa ginshiƙai huɗu, shi kuma aka bar wa kulawa da shi.

Injiniya Barira daga Tasawa ta manna wa ginshiƙan zaruruwan gilashi masu ɗauke da haske. Da ginshiƙi ya ɗan karkata hasken zai canja, sai wata na'ura da aka horar da ita da dubban misalai ta gane, ta rage wa tankin nauyi da kanta. Na Allah dariya ya yi, wai gininsa ba ya bukatar mai gadi.

A wata shekarar fari, zamanin mulkin soja, rijiyoyi suka ƙafe, makiyaya suka yi dafifi. Na Allah ya jawo kwamin shayar da dabbobi gindin shato don ya riƙa sa ido daga inuwa. Ruwan da ke zuba ya yi ta nutsewa cikin yashi.

Sai na'ura ta fara tsayar da famfo a rabin tanki. Shi kuwa gogan naka ya riƙa kunnawa da hannu. Wata safiya, mata na layin ɗibar ruwa ƙarƙashin shato, na'urar ta yi ƙara, ta saki ruwa can cikin fili.

"Abin ga ya haukace," in ji shi, ya zaro wuƙa zai yanke zaren.

Wata tsohuwa, Iya Husaina, ta tare shi. "Malam, bari mai abin ta zaka tukuna."

Barira ta iso bisa moto, wato babur, ta sa aka haƙa gindin ginshiƙin gabas. Sai ga kogo wanda akuya za ta kwanta ciki, ruwan kwami ya zaizaye yashin.

"Baba, gininka lahiya lau, ƙasa ce ta zame mai. Da tankin ga ya cika yau…" Barira ta dubi matan.

Cikin layin har da Safi, 'yar Na Allah, da goyo. Sai ya zauna yana hamdala, hawaye na zuba. Ran nan ya janye kwamin, aka cike kogon.

Darasi: ƙwarewa ba ta hana kuskure. Idan aka gargaɗe ka, bincika kafin ka toshe bakin mai gargaɗin, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa kan wasu yake faɗawa.