Laƙar Zanzaro a Murfin Tanki

An yi wani mutum, wani bawan Allah bakanike, Sallau sunansa, a wani gari na masu lambu. Akwai abokin sana'arsa, Mato, wanda ba shi da aiki sai kushe shi. Duk inda Mato ya zauna sai ya ce Sallau ko fulogi bai iya ɗaurawa ba.

Wata rana ƙaramar taraktar Alhaji Barmo ta ƙi tashi. A ja igiya, ta yi tari, ta ɗauka, ta mutu. Ga dashen tumatir na jiran huɗa. Alhaji ya aika aka kira Sallau, ya ce, "Malam Sallau, Mato ne ya gyara ta makon jiya, shi ya kashe min ita. Duba ka tabbatar min. Daga yau duk faɗin fadamar nan ba mai sake ba shi inji."

Sallau ya duba fulogi, lafiya lau. Ya wanke kafireto. Ya zare tiyon mai, ya ga fetur na ɗiga da ƙyar, alhali tanki cike yake. Da ya kwance murfin tankin, sai mai ya zubo shaa. Ashe ɗan ramin da iska ke shiga ta murfin ne zanzaro ya toshe da laƙa.

To ku saurara, jama'a. Ba wanda ya ga laƙar nan sai shi. Ba sai ya yi ƙarya ba. In ya kankare ta da farce, ya ta da inji, ya ja bakinsa, shi ke nan Mato ya gama yawo. Kuma wallahi zuciyarsa ta so hakan.

Sai ya miƙa wa Alhaji murfin, ya ce, "Alhaji, ga mai laifin. Aikin Mato ba aibu."

Alhaji ya ce, "Mutumin da ke zagin ka?"

Ya ce, "Zagina ya yi, bai ɓata maka inji ba."

Masu lambu suka ci gaba da kai wa Mato gyara. Mato bai taɓa jin abin da ya faru ba, bai kuma daina kushen ba.

Hausawa suka ce shiru ma magana ce, kuma akan yi shaidar zur da ita. Kai da ke zaune nan, ana sukar wanda ba ka ƙauna, ka san bai aikata ba, ka sunkuyar da kai kana jan carbi. Wannan shirun, za a tambaye ka shi.