Kukan Motar Barau

An ce wai mutanen gareji ne suka fara jin kukan motar Barau Direba. Ba haka ba ne. Ni na fara jin sa, ina kamasho a tashar Talata Mafara, tun ƙarar ba ta fi ta sauro ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma babbar mota ta kife da ni a hanyar Gusau, na fito ina kakkaɓe riga. Kunnen da ya ji wannan ba ya kuskuren ƙara.

Barau yana da motar haya. Duk sanda ya murɗa sitiyari sai ta saki wani siririn kuka. Gidansu yana bayan wata kwana, saboda haka kullum da yamma matarsa, Tasalla, tana jin kukan nan sai ta tashi ta zuba ruwa a buta. Ba ta leƙawa. Ta san maigida ya dawo.

Ciwon ƙirji ya kwantar da Barau, Allah ya karɓi abinsa. Ɗansu na fari, Lawali, ya gaji motar ya ci gaba da jigilar fasinja. Kuka ya ƙaru, sitiyari ya fara nauyi. Da ya ce zai kai ta gyara, uwar ta dube shi ta ce, "Kayansa an raba, ɗakinsa an share. Kukan motar nan kaɗai ya rage mini. In ka bari aka taɓa ta, ban yafe ba."

Lawali ya rasa tudun dafawa. Ga maganar uwa, ga rayukan mutane a bayansa. Ya je wurin Sarkin Makanikai Mamman Dogo, dattijon da ke raba gardamar direbobi da masu gyara, ya durƙusa ya faɗa masa komai.

Mamman Dogo ya ce, "Ba zan ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba, ba kuma zan ce ka ɗauki bayin Allah a motar da ban yarda da ita ba. Mu je gidan. Ba zan ɗora wa motar sifana ba sai mahaifiyarka ta ce."

Na bi su, don ba a yin irin wannan babu ni.

A ƙofar gida Mamman Dogo ya sa aka tayar da mota. Ya buɗe gabanta ya taɓa bel ɗin inji, ya ji shi a ɗaure. Ya buɗe murfin man sitiyari, ya ga man ya kusa ƙarewa, ya yi baƙi, yana kumfa. Ya bi tiyo da yatsa, yatsan ya fito a jiƙe. Ya yi sallama, Tasalla ta fito a lulluɓe.

"Sarki, in gyara ya kawo ka, ka sha ruwa ka koma."

"Ba gyara na zo ba, Gwaggo. An ce kin san kukan nan daga tsakar gida. Ina so ki ji shi daga inda marigayi yake jin sa. Shiga ki zauna a mazauninsa."

"Ni? Ina ni ina mota?"

"Ba inda za ta je. Riƙe sitiyari kawai."

Ta daɗe a tsaye, sannan ta shiga. Ya ce ta murɗa. Ta murɗa, kuka ya tashi, idonta ya cika. Ya ce ta ƙara. Ta ƙara, sitiyarin ya cije, yana karkarwa a hannunta, sai da ta sa ƙarfin kafaɗa.

"Me ya sa yake gardama haka?"

"Akwai famfo a ciki mai taimakon hannun direba. Da mai yake aiki. Tiyo ya tsage, mai yana zuba, iska tana shiga. Kukan da kike ji, famfon ne ke juyawa a bushe."

Ya miƙa hannu ya kashe inji. "To, yanzu murɗa."

Ta kama da hannu biyu. Kamar ta kama turmi a binne. Ta sake gwadawa har mayafinta ya zame.

Mamman Dogo ya ce, "Haka zai zama ranar da famfon ya mutu. Ba kuma a ƙofar gida zai mutu ba, sai a kan kwana, mota cike da mutane, wannan yaron a inda kike zaune. Na gama magana. Hukunci naki ne."

Tasalla ba ta saki sitiyarin ba. Ta ce a hankali, "Ashe da wannan yake kokawa kullum, ga ciwon ƙirji. Ni kuwa ina ciki ina murna da ƙarar." Ta kifa goshinta a kai ta yi kuka, irin wanda ba mu ji ta yi ba ko ranar jana'iza. Ni kaina, da na ga gawa iri-iri a titi, sai da na juya baya.

Da ta ɗago ba ta kalli ɗanta ba, ba ta kuma kama sunansa ba, kamar yadda uwa ke kunyar ɗan fari. Ta ce, "Sarki, gyara wa yaron nan motarsa. Na janye maganata."

Aka sauya tiyo, aka zubar da tsohon mai, aka zuba sabo, aka yi ta juya sitiyari hagu da dama har iska ta fita. Mota ta yi shiru. Daga ranar Tasalla ba ta sake sanin dawowar kowa da kunne ba. Sai dai ta ɗauki tabarma ta zauna a zaure tana kallon kwana, har ta ga ɗanta da ido.

Wanda ya saba jin wahalar wani daga nesa yakan ɗauke ta a matsayin gaisuwa, ba ya gane ta sai ya zauna a mazauninsa.

Duk mai cewa tsoho ya ƙara gishiri, ina nan bakin tasha kan bencina. Ya zo ya faɗa mini ido da ido, in ya isa.